Kwalbar Gishirin Baba Jadi

Shekaranjiya da hantsi ina kwance ƙarƙashin wata tsohuwar a-kori-kura ina fama da ƙusar salansa da tsatsa ta cinye, sai ga samarin garejina sun taru a kaina da waya. Wai in fito in ga abin mamaki, wani Bature ya ƙera mota mai tafiya da ruwan gishiri. Babbansu har yana cewa sana'armu ta kusa mutuwa, nan gaba kowa sai ya ɗebo ruwa a rijiya, ya barbaɗa gishiri kamar mai haɗa miya, ya ja motarsa ya yi gaba. Na fito na karɓi wayar na kalla har ƙarshe, na mayar masa. Na ce Baturen nan ya makara, mu nan Sabon Birni mun tuƙa irinta tun iyayenku na yawo ba wando. Suka fashe da dariya, suna zaton zolaya ce. To ba zolaya ba ce, ni Labbo ni na riƙe sitiyarinta. Amma kafin in kai ku can sai kun san wanda ya ƙera ta, don na lura ku samarin yanzu kuna ganin kanikanci bai wuce kwance ƙusa da ɗaure ƙusa ba.

Ubana ne ya kai ni wurin Baba Jadi da ƙwaryar goro, ya ce masa ga ni nan, in na yi gardama ya buga. Baba Jadi mutumin Tsamaye ne, gajere mai faɗin kafaɗa, da gemu har ƙirji. Ya koyi aiki a hannun direbobin manyan motocin gyaɗa, sannan ya dawo ya kafa gareji a gindin wata tsamiya kusa da tasha. Duk dukiyarsa tana cikin akwatin katako ɗaya: sifanu, filaya, guduma, jak, sukudireba, da wani tiyo da ya yi baƙi saboda tsufa. Ba a tsallake masa kayan aiki, ba a kuma zama a kan akwatin. Shekarata ta farko ban taɓa inji ba. Aikina wanke ƙusoshi cikin kwano da miƙa sifana. In ya ce sha uku ka miƙa masa sha huɗu, ba zai zage ka ba, sai dai ya wurga ta cikin rairayi can nesa, ka je ka nemo. Na yi ta tonon rairayi har yatsuna suka koyi gane sifana ba tare da ido ya duba ba.

Aikin da ya fara sa ni girmama shi, wata kiya-kiya ce ta 'yan kasuwa da lagiretonta ya huje tsakanin Isa da Bafarawa. Aka aiko muka je. Ruwa na zuba kamar buta, ba mai walda, ba gari kusa. Baba ya zaga motar yana duban fasinjoji, ba injin ba, har idonsa ya faɗa kan wata tsohuwa mai ƙulli a bakin zane. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya roƙi garin tabarta. Ya zuba shi cikin lagireto, ya cika da ruwa, ya ce a tayar. Garin ya bi ruwan ya je ya toshe hujin, zubar ta tsaya. Tsohuwar nan har aka kai Bafarawa tana mita, wai ita shekara da shekaru tana cin taba ba ta taɓa ganin mota mai ci ba, kuma ko a ba ta ɗanɗane. Haka na ga ya yi fanbel da igiyar ƙiri, ya yanka gasket daga kwalin sukari, ya liƙe tankin mai da sabulu.

Abu biyu Allah ya ba shi fiye da kowa, kunne da hanci. Yakan ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya kanga ƙotar a kunnensa, ya rufe ido, ya gaya maka wane fistin ne ke ciwo. Hancinsa kuwa, in aka gauraya fetur da kananzir tun daga bakin tasha zai ji, kuma ranar mai motar zai sha faɗa, don babu abin da ya tsana kamar wannan haɗin. Su kuma masu kawo aiki, ku ma kun san halinsu. Direba bai taɓa yi wa mota laifi ba tunda aka halicci duniya. Kullum maganar ɗaya ce, "Haka kawai tat tsaya." Baba yakan ce, "To, haka kawai za mu buɗe tanki mu gani." Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa, don sai a tarar ba mai a ciki. Shi ya sa darasin farko da ya dasa mini shi ne, kome wayonka ka fara da tanki.

Lokacin da shekarar farin nan ta zo, na riga na yi aure har da 'ya'ya biyu, ni ne hannun damansa, ni ke tuƙa motarsa. Wata a-kori-kura ce da ya harhaɗa daga gawarwakin motoci, ƙofar dama shuɗiya, ta hagu ja. Mutanen gari suka sa mata suna Sai-Gobe, saboda in ka shige ta yau, to kada a sa maka tuwon dare. Amma ita ce ke kai marar lafiya asibitin Isa, ita ke kai gawa, ita ke ɗauko mai naƙuda, kuma ban taɓa jin Baba ya tsaya ciniki a kan irin wannan tafiya ba.

Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke gero na gwiwa. Gulbi ya zama hanyar jakai. Fulani suka yi ta wucewa kudu da abin da ya rage musu, shanun da suka kasa kuma suna zube a gefen hanya. Ana cikin wannan sai fetur ya ɓace. Sojoji ke mulki a lokacin, duk wanda aka kama ya ɓoye kaya sai a ƙwace, a haɗa masa da bulala a bainar jama'a. Ɗan aiken hakimi ya bi gida gida yana tambaya ko akwai mai sauran mai, kowa ya ce babu. To magana zarar bunu ce. Wanda ya ce wa hukuma babu jiya, ba shi da bakin cewa akwai yau, ko da uwarsa ce ta tambaya. Gareji ya mutu murus. Muka koma gyaran fitilun ƙwai da kekuna, wata rana har da tukunyar da ta huje.

Bazara ta yi nisa sai ga dattawan Tsamaye a gindin tsamiya, Malam Ummaru yayan Baba na gabansu. Yunwa ta sa sun cinye irin shuka, ko zangarniya ɗaya ba ta rage a rumbu ba. Wani aminin Malam Ummaru a Bafarawa, mai gonar fadama, ya ce su zo su ɗauki iri. Amma da me? Jakan da suka rage ko kansu ba sa iya ɗauka. In ruwan shuka ya sauka ba iri a hannu, shekara ta uku ta tafi, garin kuma sai dai a watse.

Baba ya bugi ƙirji a gaban kowa. "Yaya, ku koma gida. In dai ina numfashi, iri za shi iso Tsamaye kahin ruwan shuka."

Bayan sun tafi na ce, "Baba, da wane mai?"

Ya ce, "Allah na nan."

Allah na nan, amma mai bai fito ba. Baba ya zaga garin nan da ƙafarsa, da girmansa da gemunsa, yana roƙon ko kwalba ɗaya. Kowa sai ya sunkuyar da kai ya ce babu. Har Chika, wanda a hannun Baba ya koyi aiki kafin ya buɗe nasa wurin yana haɗawa da sayar da mai a kwalabe, shi ma ƙasa ya kalla ya ce babu. Na ga tsohon nan ya rame cikin 'yan kwanaki, kullum da yamma idonsa na gabas yana duban ko hadari ya fara haɗuwa. Duk duniya na roƙon ruwa, shi yana roƙon ya ɗan jinkirta.

Akwai wani direba mutumin Maraɗi, Issufu, da rashin mai ya tsare a tasharmu, yana kwana cikin motarsa yana yini a garejinmu. Bakinsa ba ya hutawa. Shi ne ya kawo labarin wani Bature malamin makaranta da ya taɓa yi wa tuƙi, wanda ya tsoma waya biyu cikin ruwan gishiri, ruwan ya yi kumfa, kumfar ta kama wuta. "Mushe ya ce nan gaba ba mai sayen isansi," in ji Issufu, wato Baturen yake nufi, isansi kuma fetur ne da bakinsu na can. "Ruwan teku za a dinga zuba ma kamyo, manyan motocin ga." Mu muka yi dariya. Baba bai yi ba. Ku tuna a shekarar nan abu biyu ne kaɗai suka yi araha. Buzaye sun sauko da kantun gishiri suna neman musanya da hatsi, ba hatsin. Rijiyar da ta rage da ruwa sosai kuwa ita ce ta bayan mahauta, mai zartsi, wadda ko akuya sai ta yi tunani kafin ta sha.

Ranar da muka haɗa kwalbar ina tune da ita kamar jiya. Babbar kwalbar alewa ce Baba ya aro a kanti. Muka fasa matattun baturan tocila muka zaro baƙin sandunan cikinsu, muka ɗaura musu waya, muka huda murfi muka zura su. Muka liƙe bakin da ƙaro da sabulu. Tsohon tiyon nan nasa ya tashi daga murfin ya shiga bakin kafireto, inda inji ke shaƙar mai da iska. Aka cika kwalba da ruwan zartsi, aka ƙara dakakken gishiri, aka haɗa waya da batirin mota. Sai ga kumfa tana tasowa, ƙanana ƙanana. Baba ya zare tiyo ya kusantar da ashana. Fau! Rabin gemunsa ya tafi. Ya shafa wurin yana dariya kamar an yi masa albishir da ɗa namiji. Wani wari mai yaji kuma ke fita daga kwalbar, ya sa mu hawaye da majina, ya toshe mana hanci har ba ma jin ƙamshin komai.

Na ce, "Baba, kumfar ga ko kaza ba ta turawa, balle Sai-Gobe."

Ya ce, "Abin da yac ci gemuna shina iya cin hanya."

Kafin in ankara ya sa an yi shela, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci kowa ya zo tasha ya ga mota mai shan ruwan gishiri. Gari ya ɗauka. A gabansa sai a ce Allah ya sa a dace, a bayansa kuwa ba mai dariyar ƙeta, kowa tausayi yake ji. An san dattijon nan zai tsaya gaban yara da manya ya ji kunya, kuma ba wanda ya isa ya hana shi.

Ranar Juma'a da safe, gaban shaidu, ni da hannuna na kwance ƙusar gindin tanki. Tsatsa ce kawai ta zubo. Na zura kara ta sama, ya fito a bushe ƙayau, aka zaga da shi kowa ya taɓa. Na mayar da ƙusa na ɗaure. Muka bar motar a gindin tsamiya muka tafi masallaci.

Da aka sauko, tasha ta cika har kan katanga. Baba ya haɗa waya, kumfa ta taso, na gaba gaba suka fara tari suna share ido. Ya ce, "Labbo, bisimilla." Na shiga na riƙe sitiyari. Batir ba ƙarfi, don kwalba na shan rabonta, sai samari suka tura. Na saki kuloci. Ta yi tari. Suka sake turawa, ta sake tari, ta yi atishawa, sai kawai na ji inji ya kama. Wallahi saura kaɗan in buɗe ƙofa in gudu. Na zaga kasuwa, na bi ta ƙofar hakimi, na dawo, yara na bin mu da gudu, mata na rangaɗa guɗa ta saman katanga. Baba na tsaye a baya da rabin gemu yana ɗaga wa jama'a hannu. Gani ya kori ji. Ni da na zura kara da hannuna, me zan ce? Na yarda ɗari bisa ɗari, har na fara tunanin yadda za mu sayi rijiyar bayan mahauta kafin wani ya riga mu.

Da muka tsaya Baba ya ɗaga murya ya ce, "Gobe in an yi asuba sai Bahwarawa!" Jama'a suka ɗauki kabbara. Mutum ɗaya na gani bai yi ba. Chika ne, ya dafe kai da hannu biyu kamar wanda aka yi wa rasuwa. Na ce a raina hassada ce ta ɗan sana'a. Da na je gidan Baba ɗaukar guzuri kuma, sai na ji matarsa Inna Hajjo daga bayan ƙofa tana cewa, "Malam, da ka bari sai jibi mana, motar ta huta." Ya ce hadari ba ya jiran jibi.

Muka kama hanya da kantun gishiri da tulun ruwan zartsi a baya. Sai-Gobe na tafiya lafiya lau, Baba na waƙa yana buga ƙofa. Muka wuce Gatawa, mutane na fitowa kallo don labari ya riga mu. Mun yi nisa cikin daji, inda ba komai sai aduwa da ƙasusuwan shanu, sai ta yi tari. Ta ƙara. Ta yi shiru.

Muka ƙara gishiri. Muka sake ruwa. Muka kankare sanduna. Na tura har numfashina ya kusa ɗaukewa. Ko uffan. Daga nan Baba ya cire wayar kwalba, ya koma gefe inda iska ke kaɗawa ya zauna, yana fyace hanci har ya buɗe. Sannan ya tashi ya yi abin da ya koya mini tun ina tonon rairayi, ya koma farko. Ya ƙwanƙwasa tanki, fanko. Ya zo ya kwance 'yar ƙusar gindin kafireto, ya tara tafin hannu. Ɗigo kaɗan suka sauko. Ya kai hanci. Ya kai harshe. Ya juyo ya dube ni.

"Labbo, kai na?"

"Wallahi Baba ba ni na ba."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa har ɗigon ya bushe. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, na rasa inda zan sa idona. Ga alkawari a wuyansa, ga mu a dokar daji, ga shi abin da ya yi ta murna a kai ashe fetur ne kamar na kowa. Sai na ga kafaɗunsa na rawa. Na ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce, ya yi ta yi har hularsa ta faɗi.

"Labbo," ya ce yana share ido, "ashe akwai mai garin ga!"

Bai rufe baki ba muka ji ƙarar babur. Chika ne, da wani abu naɗe cikin buhu a bayansa. Ya sauka ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce gwaggonsa zai je dubawa a Gatawa.

Baba ya ce, "Gatawa kam ka baro ta baya, Chika."

"Hanyar ta ɓace min, Baba." Mutumin da aka yanke wa cibi a Gatawa ke nan. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ko gishirin na yay yi kaɗan? Bari in duba maka."

Baba ya dube shi, ya dubi buhun, ya ɗauki butarsa. "Ku duba. Ni za ni yin walaha." Ya zaga bayan wata aduwa ya ba mu baya. Ban taɓa ganin sallar walaha mai tsawon wannan ba.

Chika na tuttula mai a tanki yana ba ni labari da raɗa. Inna Hajjo ce ta fara. Ta aika wa matar Chika da fantekarta ta aure, a ba ta kwalba ɗaya ta fetur, don kada mijinta ya ji kunya a gaban gari. Da Chika ya ji, ya mayar da fanteka, ya jira liman ya hau mumbari, ya lallaɓo da galan cikin riga. Yana isowa ya tarar da bakin tankin a jiƙe, ga kuma Alhaji Nabara mai injin niƙa na barin wurin yana gyara babbar riga. Suka gaisa, suka yi maganar zafin rana, ba wanda ya tambayi wani, suka ruga suka samu raka'ar ƙarshe.

"Mu so munka yi ta zaga kasuwa ta mutu da mutuncinta," in ji Chika. "Wa yas san tsohon ga za shi ɗaukar hanyar Bahwarawa? Ni ko barci ban yi ba."

Abin da ya kawo bai isa zuwa da dawowa da kaya ba, sai dai ya mayar da mu gida. Muka juya. Muka yi ta tafiya har muka hango rufin kwanon tasha, ga kuma wani farin gajimare ya fara tsayawa a gabas. Ni na riga na yanke ƙauna, ina tunanin yadda za a aika wa mutanen Tsamaye da haƙuri.

Jama'a suka taru suna tambayar me ya dawo da mu. Baba ya hau bayan mota ya gyara murya. Ya ce na'ura lafiyarta lau, sai dai ya gano wani sirri nata: in tafiya mai nisa ce, tana bukatar ta yini ita kaɗai a inuwa, bakin tanki a buɗe don iska ta shiga. Gobe tun daga hantsi har la'asar za a ajiye ta a lungun bayan gareji, a kewaye da zana. Ba mai gadi, don ba ta son ido. Amma duk mai son ganin ikon Allah yana iya shiga, shi kaɗai, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce kuma za a bar jarkoki fanko a baya, saboda nauyi. Jama'a suka dubi juna. Alhaji Nabara ne ya fara cewa, "Gaskiya na, inji na son iska." Kowa ya gyaɗa kai kamar an karanto hadisi.

Washegari ni da Baba muka zauna a bencin mai shayi, muka ba lungun baya. Ban taɓa ganin mutanen Sabon Birni sun yi ado irin na ranar ba. Ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa, amma kowa da babbar riga. Tela ya wuce yana tafiya kamar mai ƙurji a cinya. Malamin asibiti mai babur ya wuce. Wani mahauci ya wuce, rigarsa na ƙara ƙwal ƙwal, ya yi ta tari don ya rufe ƙarar. Baba sai ya ɗaga kofi ya ce, "Ina gajiya? A shiga a ga ikon Allah." Can wajen azahar sai ga ɗan aiken hakimi, shi wanda ya bi gida gida yana tambaya. Na ce a raina yau mun shiga uku. Ya tsaya ya gaishe mu da hannun hagu a manne da ciki, ya ce shi ma ya zo kallo. Ya shiga, ya fito cikinsa ya sace.

Da la'asar muka ɗaga zana. Tanki ya cika har baki, jarkoki sun cika, ga wasu kwalabe a jere a ƙasa waɗanda ba su sami wuri ba. Baba ya sunkuya ya shaƙa bakin tankin, ya ɗan yamutsa fuska. Na san wannan fuskar, wani ya zuba kananzir. A gefen taya kuwa ga 'yar kwalbar magani fanko, irin wadda tsofaffin mata ke ajiye man fitila a ciki. Na jira faɗa. Ya ɗauki kwalbar ya jujjuya ta, ya sa a aljihu.

Ya ce, "Bar shi. Wata ta ba da abin da taka da shi. Yau cikin duhu za ta kwana."

Da asuba muka kama hanya, tafiyar nan kuwa Sai-Gobe ta ƙaryata sunanta. Muka isa Bafarawa, aka loda buhunan iri har ta durƙusa, muka juyo. Kwalbar gishiri na nan ɗaure a mazauninta, sai dai Baba ya cire mata waya don ta bar wa batir ƙarfinsa. Tun daga Isa gabas ta yi baƙi. Muka wuce Sabon Birni ba mu tsaya ba, mutane na tsaye a bakin hanya suna yi mana alama da hannu mu yi sauri. Iska ta taso tana turo mu daga baya, ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙiya na biyo mu. Ni dai ina taka totur ina salati.

Muna shiga Tsamaye gari ya fito gaba ɗaya. Kafin in kashe inji an fara sauke buhuna, mata na tara zannuwa kada ƙwaya ta faɗi. Malam Ummaru ya riƙe hannun ƙanensa. Ya ce, kowa na ji, "Jadi, wai da gaske na da ruwan gishiri kunka zo?"

Na dubi Baba. In ya ce i, ya yi wa yayansa ƙarya. In ya ce a'a, ya tona asirin gari guda. Baba ya zaga ya ɗaga bonet, ya nuna kwalbar.

"Ga ta nan, Yaya. Ni dai gishiri niz zuba. Abin da yat turo ta kuwa, Allah ya san shi, ya kuma san masu shi."

Ɗigon farko a kan bonet ɗin ya faɗo. Baba ya juya yana goge fuska da hula, wai warin kwalbar ne ke sa shi hawaye, kwalbar da tun safe ba ta yi kumfa ba. Ruwa ya kwana yana zuba, da safe duk Tsamaye na gona. Har yau akwai tsofaffi a can da za su rantse maka geronsu jikan wanda ya zo da ruwan gishiri ne, a Sabon Birni kuma ba wanda ya taɓa cewa ya zuba ko ɗigo.

Kwalbar nan da kuke gani a saman kantar gareji, wadda kuka sha tambayata me ya sa ba na bari a zuba ƙusoshi a ciki, ita ce. Da na gama ba samarina labarin, mai wayar ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "To Baba, in munka haɗa irinta yanzu, tana tashi?"

Na ce haɗa kwalba aikin yini ɗaya ne, ko shi zai iya. Abin da ke tayar da ita ne mai wuya. Sai ka shekara talatin kana tashi daga kan tuwonka don motar wani ta mutu a daji, kana kai marasa lafiyar mutane ba ka tsaya ciniki ba, har ya zama ranar da za ka ji kunya gari guda ne zai kasa barci. In ka haɗa wannan, ko ruwan kwata ka zuba za ta tashi.

Na koma ƙarƙashin mota na miƙo hannu. Na ce, "Sha uku."

Ya miƙo mini sha huɗu. Na wurga ta cikin rairayi.